Gwangwanin Man Riɗi

Ƙarfe bakwai nake buɗe shagon Usta Mahjub
a layin maɗaba'u, bayan kasuwar Gadarif.
Kafin shayina ya huce aiki ya sallama:
katin ɗaurin aure, allon mai gyaran babur,
da ɗan kasuwar da ke son sunansa
ya fi ƙofar shagonsa faɗi.
"Ƙara ja." Na ƙara.
"Ƙara ruwan zinare." Na ƙara.
Usta ya ce mai biya ba ya kuskuren launi;
in ya ce maka rana kore ce,
tambaye shi kawai: kore shar, ko mai duhu?

Ni da na share shekara huɗu a Khartum
ina koyon yadda inuwa ke kwanciya a kumatu,
yau hannuna na kan linzamin kwamfuta
ina gyara wa kaza murmushi.

Amma da dare, a ɗakin kwanon bayan gida,
akwai ƙyalle ɗaure a katako yana jirana.
Hannuwan Inna Tasalla ne a kai,
riƙe da faifai, suna sheƙe riɗi.
Da ƙafa ta baro Haɗeja da niyyar Makka,
guzuri ya ƙare a nan,
ta ce bari a yi damina ɗaya.
Damina hamsin da uku ta yi.

Sau ɗaya na baje zanena a babban birni.
Mutum tara suka zo.
Bakwai sun sha zoɓo sun tafi,
ɗaya ya tsaya ya daɗe, har zuciyata ta buga,
sai ya tambayi kuɗin katakon.
Na taran ƙanina ne, Shu'aibu, shi ya ɗauko kayan.

Ran wata Laraba Alhaji Sirajo mai matsar mai ya shigo.
Tambari yake so na sabon gwangwani,
raƙumi da bishiyar dabino, kamar na kowa.
Aka ɗauke wuta har la'asar.
Na zauna cikin zufa ina zana raƙumi a takarda,
kowanne ya fito da fuskar mai bin bashi.
Da wuta ta dawo, ban san me ya hau kaina ba,
na ɗora hannuwan Inna a tsakiyar da'irar.

Ya gyara tabarau. "Hannun wa?"
Na ce, hannun da ya san riɗi.
"Sun tsufa da yawa. Goge tamojin."
Shekara goma sha ɗaya ina cewa to.
Ran nan na ce kwamfuta ta ƙi.
Usta ya yi tari, ya juya wa ƙaryata baya.
Mota na jiran lodi, Alhaji ya duba agogo,
ya ce a buga.

Dubu arba'in aka buga.
Babu sunana ko a gindi,
sai lambar waya da "lita huɗu".
An biya ni abin da ya sayi
farin fenti biyu da buhun dawa.

Makon jiya a tashar Kasala
na tsaya wajen wata mai shayi.
Gwangwanin ne gefen murhunta, mai ya daɗe da ƙarewa,
na'ana'a take ajiyewa a ciki.
Tsatsa ta ci babban yatsan Inna,
hayaƙi ya ba fatar wani launi
da na yi shekaru ina haɗawa ban samu ba.
Ta miƙa hannu za ta tsinko ganye,
hannunta ya sauka kan hannun.

Ban ce mata komai ba.
Na sha, na biya, na ƙara kofi ɗaya
don in daɗa zama.

Ƙyallen na nan a ɗakin kwano, bai gamu ba.
Gobe akwai allon mai sayar da katifa.
Ya ce yana son barci ya fito a rubutun.
Tun ɗazu nake tunanin ta inda zan soma.